Ɗaki Huɗu Nesa da Ruwa

Litinin, 2 ga Satumba, bayan La'asar

Shu'aibu ƙanena ya dawo daga Kano da labari. Ƙarshen watan nan za su sako ɗana daga gidan yari. Manyan gari sun zauna, an yi sulhu, kowa ya sa hannu. Sharaɗin da aka kafa shi ne ba zai sake kwana a garin nan ba, ba zai sake hawa ruwa ba.

Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Sai da Shu'aibu ya miƙe zai tafi na ce, "To a ina zai kwana?"

Ya koma ya zauna. Ya ce, "Yaya, ba wurin kwana kaɗai ba. Jirginsa ya tafi, sana'arsa ta tafi, ga mata ga 'ya. Ki nemi gida mai ɗakuna a wani gari. Ya zauna a ɗaya, sauran a zuba 'yan haya, su riƙa kawo na cefane."

Ni Maimuna mai bandar kifi, wai ni ce zan sayi gidan haya. Abin da na mallaka bijimai biyu ne na kiwo, sai fadamar Babanmu, sai adashi.

Nazifi. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, "yaron nan" nake cewa. Amma da aka koya mana haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, lokacin har na yi jika, shi na fara rubutawa. Na ga hannuna bai ji kunyar da bakina ke ji ba.

Laraba, 4 ga wata, da hantsi

Na haɗu da Dije maƙwabciyata a rijiya. Na gaishe ta, ta ci gaba da jan gugarta. Ban ga laifinta ba.

Juma'a, 6 ga wata, bayan Magariba

Ƙafafuna sun kumbura. Jiya da yau muna yawo da wani dillali, Ɗantani, ɗan siriri mai babur da baki kamar rediyo. Tun da ya gan ni yake "Hajiya, Hajiya". Na ce ban je ba tukuna. Ya ce, "Ai mai gidan haya Hajiya ce ko ba ta ga jirgi ba."

Mun fara da Ƙafin Maiyaki. Gidan yana da kyau, ɗaki biyar, amma ƙofarsa na kallon inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Ina tsaye na ga yaran garinmu biyu sun sauke fasinja. Na ce a'a. Ɗantani ya ce, "Hajiya, bakin hanya ai shi ne kuɗi!" Ban yi masa bayani ba.

A Tudun Wada ya nuna mana wani mai araha, an shafe shi da sabon fenti. Na sunkuya na kankare gindin bango da farce, sai ga layin da ruwa ya tsaya, ya kai gwiwata. Ya yi dariya, ya ce wai ni 'yar bincike ce. Ba bincike ba ne. Ban iya kallon bango ban duba gindinsa ba, haka duk 'yan garinmu suke.

Na ukun ma a Tudun Wada ne, a kan tudu yake, bayan makarantar firamare. Ɗaki huɗu a jere, zaure, rijiya, banɗaki ɗaya, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Uku da mutane a ciki: wani malamin makaranta, wani tela da matarsa, da mai gyaran babur. Na ƙarshe babu kowa, an tara buhunan masara. Na shiga na tsaya. Taga tana gabas. Daga nan ba a hango komai sai gonakin dawa.

Na auna da ido inda gadon matarsa Ramla zai zauna, da inda za a shimfiɗa wa 'yarsu Fa'iza katifarta.

Gidan gado ne, magada ke son rabawa. Babbansu Malam Sabo ya ce miliyan huɗu. Shu'aibu ya ce albarka dai ake nema, ba faɗa ba. Ba a daidaita ba.

Lahadi, 8 ga wata, da yamma

Na je gidan yarin. Na kai masa dambu da ƙuliƙuli. Har yanzu ba ya son a kawo kifi.

Ya rame. Sun yi masa aski. Ya durƙusa ya gaishe ni ta bayan wayar, ya tambayi Ramla, ya tambayi Fa'iza ko ta daina tsoron akuya. Akwai wadda yake son tambaya, na ga bakinsa ya motsa, ya fasa.

Na ba shi labarin gidan. Na ce akwai darbejiya. Ya ce, "Inna, da me za ki saya?"

Na ce, "Ba ruwanka."

Ya ce, "Don Allah kada ki taɓa fadamar Kaka."

Na ce masa dambun zai huce.

Talata, 10 ga wata, da safe

An kwana ana ruwa. Ramla ta ce ta ji ni ina zagaya ɗaki. Na ce sauro ne.

Alhamis, 12 ga wata, bayan Azahar

Na ba da fadamar jingina. Alhaji Maikano ya karɓa a gaban shaidu: zai noma ta ya ci amfaninta har ranar da na mayar masa da kuɗinsa. Jingina ce, ba sayarwa ba. Na faɗa wa Shu'aibu haka, na faɗa wa Ramla, na faɗa wa kaina a hanya.

Ita aka ba Babanmu lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya ci tsohon garinmu. Ban fi shekara biyar ba. Abin da na riƙe kawai shi ne bayan babbar mota, da tukwane, da wata yarinya a gefena tana kuka saboda an bar kazarta. Na ba ta rabin rogona ta yi shiru. Dije ke nan. Tun daga ranar ƙofarmu na kallon tasu. Tare muka yi tallan kifi, tare muka yi aure a shekara ɗaya, tare muka zauna a benci ɗaya muna koyon a, ba, ca, malama tana raba mu saboda surutu.

Ba wannan na zo rubutawa ba.

Yau ranar zubin adashi. Na aika Ramla da nawa gidan Badiyya, uwar adashinmu. Tun abin da ya faru ban taka can ba, don kowa na zuwa.

Asabar, 14 ga wata, bayan La'asar

An sallama! Miliyan uku da dubu ɗari shida. Malam Sabo ya ce, "Allah ya sa albarka," Shu'aibu ya ce amin, matar tela ta kawo mini kujera na zauna. Mun ba da kuɗin jinginar a matsayin kafin alƙalami. Ciko zuwa Juma'a ta sama, ashirin da bakwai ga wata. Malam Sabo ya ce ba don ya matsa mini ba, ƙannensa ne suka ƙosa, kuma akwai wani mai sayen dankali daga Doguwa da ke riƙe da kuɗinsa a hannu. In ranar ta wuce za a mayar mini da nawa, a ba shi.

Matar tela mai fara'a ce. Ta ce, "Baba, ɗakin ƙarshen wa za ki sa?"

Na ce ɗana da iyalinsa.

"Wace sana'a yake yi?"

Na ce, "Yana hanya."

Ta dube ni, ta ce Allah ya kawo shi lafiya.

Mun biya ta wurin mai unguwa don ya san da cinikin. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya tambayi garinmu, Shu'aibu ya faɗa. Ya ce, "Garin da jirgi ya… ranar kasuwa?" Shu'aibu ya ce e, ya kuma faɗa masa ko wane ne zai zauna a gidan. Na so ƙasa ta buɗe. Dattijon ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ya zo ya riƙa sallah da mu. Sauran na Allah ne."

Lahadi, 15 ga wata

Nazifi. Nazifi. Nazifi.

Talata, 17 ga wata, da yamma

An sayar da bijiman. Kasuwa ta faɗi, kowa ya kawo dabba saboda kuɗin makaranta, ga shi jan bijimin ya fara ɗingishi a hanya. Abin da Shu'aibu ya kawo bai kai yadda muka sa rai ba. Na shiga turken na share shi, ban san dalili ba.

Sai kuma Ɗantani ya zo da tasa. Wai la'adarsa a kaina take, ba a kan magada kaɗai ba, ga na shaidu, ga na rubuta takarda. Na ce me ya sa bai faɗa tun farko ba? Ya ce, "Hajiya, ai kowa ya sani." Ni ban sani ba. Kifi nake sayarwa, ba a yi mini la'ada a kan tarwaɗa.

Na ce to a karɓi hayar shekara a wurin mutanen gidan a cike da ita. Ya sosa ƙeya. Ashe duk sun biya magada tun bayan ƙaramar Sallah, sai shekara ta zagayo zan ga sisinsu. Wannan ma ban tambaya ba. Na duba bango, na duba rufi, na leƙa rijiya, ban tambayi wannan ba.

Saura dubu ɗari uku babu kaɗan.

Laraba, 18 ga wata, bayan Azahar

Shu'aibu ya je wani ƙaramin banki. Suna son ma'aikacin gwamnati ya tsaya mini, suna son mako uku, ga kuɗin ruwa a kai. Na ce ko da sun ba ni yau, ba zan sa yaron nan a ɗakin da aka saya da kuɗin ruwa ba. Abin da ke wuyansa ya ishe shi.

Alhaji Maikano ya ce zai cika mini, in na mayar da jinginar ta zama ciniki. Ya faɗa da murmushi. Na ce zan yi tunani.

Ramla ta kawo 'yan kunnenta da kwanukan samiranta ta ajiye a gabana. Ta ce, "Inna, a sayar." Na ce ta kwashe kafin raina ya ɓaci. Da ta fita na yi kuka. Ba su kai ko kwata ba.

Alhamis, 19 ga wata, bayan La'asar

Yau da ƙafata na je gidan Badiyya, na bari sai da mata suka watse. Na ce mata kwasata sai bayan kaka, ina roƙon a yi mini musanya da mai ɗauka ranar Alhamis mai zuwa. Haka muke yi tun da, mai haihuwa ko mai mara lafiya ta roƙi 'yar'uwarta su sauya layi. Ni kaina na sauya wa mutum uku.

Badiyya ta kau da kai. Ta ce, "Maimuna, kin san ta wa ce?"

Na sani. Tun a hanya na sani, na dai yi kamar na manta. Tun da aka buɗe wannan zagayen Dije ta roƙi a sa mata tata a ƙarshen Satumba, saboda lefen ɗanta Mas'ud, wanda daga baya ruwa ya ci a jirgin yaron nan. Ina wurin. Ni na ce mata ta sayi atamfa mai ruwan goro, don amaryar fara ce.

Badiyya ta ce, "Ni dai ba zan iya kai mata wannan magana ba. Kuma ba na taɓa kuɗin wata sai da bakinta."

Na ce ban ce ta kai ba. Na ce ta manta na zo.

Juma'a, 20 ga wata, da hantsi

Takalman Mas'ud na nan a ƙofar ɗakin Dije, inda ya cire su ranar. Kullum tana share gefensu.

Lahadi, 22 ga wata, da yamma

Ban je Kano ba. Na ce wa Shu'aibu ƙafata ce. Gaskiya ba zan iya kallonsa yana tambayar gida ba.

Fa'iza ta hau cinyata ta ce, "Tsohuwa, yaushe Abba zai zo?" Na ce ya kusa. Ta ce, "A jirgi?" Ramla ta ɗauke ta ta yi waje.

Ina ta tuna tagar nan ta gabas. Ina ganinsa zaune a ƙofar ɗakin yana shan koko, rana na dukan ƙafarsa, ba wanda ya san shi, ba wanda zai tsallaka hanya don ya gan shi. Abin da nake so ke nan. Ba riba nake nema ba, Allah ya sani.

Talata, 24 ga wata

Na aika wa Alhaji Maikano cewa jibi da yamma zan zo da shaidu. Babanmu ya yafe mini.

Alhamis, 26 ga wata, bayan Azahar

Wannan sai na rubuta shi.

Da safe ina hura wuta na ji an tsaya a bakin zaure. Ba a yi sallama ba, an dai yi gyaran murya. Na san muryar, ta Dije ce. Na fito da mafici a hannu.

Ta rame fiye da yadda nake hangowa daga nesa. Ba ta shigo ba, ni ma ban ce ta shigo ba. Ta kafa ido a kan turken da babu shanu.

Ta ce, "An ce gida kike saye a Tudun Wada."

Na ce haka ne.

"An ce kuma fadamar Baba za ki sayar wa Maikano."

Baba ta ce, yadda take kiransa tun muna yara.

"Gidan, yana da nisa da ruwa?"

Na ce, "Ko ƙanshinsa ba a ji."

Ta gyaɗa kai. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙulli a baƙar leda, ta ajiye a dakalin zaure, ba ta miƙo mini ba. Ta ce, "Daga wurin Badiyya nake. Na ce ta mayar da ni layinki."

Na ce, "Dije…"

Ta ɗaga hannu. "Kada ki gode mini. Wallahi ba don shi na yi ba. Na sa hannu a takardarsu don Malam ya ce in sa, amma zuciyata ba ta sa ba. In ya rasa wurin zuwa, wata rana da dare zai lallaɓo ya ga uwarsa, ni kuma in fito in gan shi. Ina tsoron abin da bakina zai faɗa, Maimuna. Yaron da na goya. Ki kai shi inda ba zan gan shi ba."

Na ce to.

"Kuma me zan yi da su? Wa zan saya wa atamfa?"

Muka tsaya. Wutar da na hura ta mutu, hayaƙi ya cika tsakar gida. Ta juya za ta tafi, ta kai tsakiyar hanya, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba.

Ta ce, "Ke ma binsa za ki yi?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Ta ce, "Hm." Ta shige gida.

Na aika wa Alhaji Maikano cewa na fasa.

Juma'a, 27 ga wata, bayan La'asar

An cika, an rubuta, shaidu sun sa hannu. Mai unguwa ya miƙo tawada in dangwala, na ce a ba ni biro. Na daɗe ina rubutawa, ba wanda ya ƙosa sai Ɗantani. Ya ce, "Hajiya, yanzu sai ki fara neman na biyu, akwai wani a Kiru." Shu'aibu ya ce masa ya ji tsoron Allah.

An kwashe masarar. Ni da Ramla da matar tela muka wanke ɗakin. Rufin na yoyo a kusurwa ɗaya, kwano ɗaya za a sauya. Haya sai baɗi. Kafin nan da bandar kifina za mu ci, in ya samu aikin hannu ya taimaka.

Litinin, 30 ga wata, da Azahar

Shu'aibu ya tafi ɗauko shi tun asuba. Na share tsakar sabon gidan sau biyu. Duk babur da ya tsaya sai na miƙe.

Talata, 1 ga Oktoba, da hantsi

Ya zo jiya da La'asar, da leda ɗaya a hannu. Ya durƙusa a zaure ya kasa tashi. Fa'iza ta ɓuya a bayan uwarta, sai can ta fito ta taɓa kansa ta ce wa ya cinye masa gashi.

Ya zagaya gidan a hankali, ya gaisa da malamin makaranta, ya gaisa da tela. Da aka kira Magariba mai gyaran babur ya ce, "Maƙwabci, mu je," suka fita tare. Na tsaya a zaure ina kallon bayansa har ya sha kwana.

Da za su kwanta ya ce wa Ramla kada ta rufe ƙofa. A buɗe ta kwana.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan La'asar

Yau ya same ni ni kaɗai a gindin darbejiya. Ya ce Kawu Shu'aibu ya gaya masa batun shanu da jingina, amma ya lissafa ya ga ba su kai ba. Ya ce, "Inna, wa ya cika?"

Na so in ce adashi kawai in yi shiru. Na ga in na ɓoye, wani zai faɗa masa a kasuwa. Na gaya masa. Na gaya masa har abin da ta ce, ban rage ba.

Bai yi kuka ba. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa har inuwa ta bar mu. Sai ya tashi ya fita. Hankalina ya tashi, na aika Ramla ta leƙa, ta ce yana can wurin masu loda buhunan masara a bakin titi, ya cire riga.

Ya dawo dab da La'asar, kafaɗarsa duk ta saluɓe. Ya ajiye kuɗi a gefen tabarmata, sun jiƙe da gumi. Ya ce, "Gobe Alhamis. Zubin da ya rage har ranar kwasarta, ni zan riƙa yi. Bai cika ba, ki cika mini na wannan makon."

Na ce to.

Ya ce, "Ki kai da kanki, Inna. Ki koma gida, kada ki bar ta ita kaɗai a layin nan. Mu nan za mu iya."

Na ce to.

Ya kai ƙofar ɗaki ya juyo. "Kada ki faɗa mata daga hannun wa ya fito."

Wannan ban ce to ba.

Gobe da sassafe zan hau mota.